Lambobin Hodge: tsagar gado ce ko katin shaida?

Autar Malali: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min. Ranar Litinin zan gabatar da seminata ta farko a kan kohomoloji na rufaffun manifol na kompleks, wato ƙirgar hujin surori irin su fatar ƙwallo ko tiyub waɗanda ake aunawa da lambobin kompleks, kuma tun bayan la'asar nake zaune a kan shafi ɗaya na kasa gaba na kasa baya. Abu biyu na rubuta a silaid, duk biyun zuciyata ta ƙi kwanciya da su. Na farko na ce lambar Betti ta ɗaya, b1, wadda ke ƙirga hanyoyin zagaye da ba sa tsukewa, kullum cika ce ba ta zama mara a kowane rufaffen manifol na kompleks, saboda b1 = h(1,0) + h(0,1) kuma su biyun daidai suke. Na biyu na ce idan manifol biyu suka zo da dayamon ɗin Hodge, wato lambobin h(p,q) da ake jerawa a siffar dayamon, iri ɗaya to abu ɗaya ne. Sufabaizana ya yi tafiya wayarsa ba ta shiga. Wanda ya san abin ya duba min kafin in je in tsaya gaban mutane.

Ɗan Rigasa: Wa'alaikumus salam Auta. Na farkon kam kwantar da hankalinki, haka yake, ai tiyorem ɗin Hodge ne, h(p,q) = h(q,p), to ka ga b1 ninkin h(1,0) ne dole ya zama cika, b3 ma haka. Na biyun ne ban taɓa ganin an rubuta shi a littafi ba amma ina ga gaskiya ne, in ba haka ba me ya sa ake shan wahalar lissafa su?

Baban Yusra: Kafin manya su iso bari in sa baki daga ƙasa, don na san akwai malaman sakandare irina a gurup ɗin nan da ke karantawa shiru. Makon jiya na sayi ƙwallo irin ta da ɗin nan mai fari da baƙi a Kasuwar Barci na kai wa 'yan ajina a Kawo, na ba su alƙalamin maka na ce duk ƙyallen da kuka ƙirga ku ɗiga masa alama kar ku maimaita. Suka sami ƙyalle 32, baƙaƙe masu gefe biyar guda 12, farare masu gefe shida guda 20. Ɗinki 90, mahaɗar ɗinki 60. To 60 a cire 90 a ƙara 32 ya ba da 2. Muka yi da kwalin ashana, 8 a cire 12 a ƙara 6, nan ma 2. Sai wata yarinya ta ce malam kenan ko me aka ƙirga 2 zai bayar? Washegari na karɓo tsohon tiyub a wurin mai faci na bakin titinmu, muka hura shi, muka ja masa zobe huɗu da alli ta kaurinsa, huɗu kuma ta zagayensa. Mahaɗa 16, layi 32, fili 16. Sifili. Wallahi ajin sai da ya yi tsit. Wannan lambar ita ce ta Euler, tun 1750 ya rubuta wa Goldbach ita a wasiƙa, kuma ga abu mai huji g amsar 2 − 2g ce. Iyakar sanina ke nan, amma ina jin daga nan zancenku ya taso.

Autar Malali: Na gode Baban Yusra, wlh zan ari tiyub ɗin nan in buɗe seminar da shi. Amma tambayata tana nan fa.

Dakta: Salam. Yanzu na shigo daga sallar isha'i na tarar da saƙonni sun taru. Auta ki gode wa Allah da zuciyarki ta ƙi kwanciya, don duk biyun ba daidai ba ne yadda kika rubuta su. Mu fara da na farko, kuma zan ɗora a kan tiyub ɗin Malam don kowa ya biyo mu.

A kan tiyub ko gammo hanya biyu ce za ki zagaya ki dawo inda kika tashi ba tare da zaren da kika ja ya iya tsukewa ya zama ɗigo ba, ta kauri da ta zagaye, shi ya sa b1 = 2. Lambobin Betti nasa 1, 2, 1, kuma 1 − 2 + 1 shi ne sifilin da yaran Malam suka samu da alli. De Rham ya nuna a 1931 cewa wannan ƙirgar za a iya yin ta da kalkulas, a ɗauki fom ɗin da d nasa sifili ne, a yi watsi da waɗanda su kansu d na wani fom ne, abin da ya rage shi ne kohomoloji. Idan manifol ɗin na kompleks ne sai ki sami ƙari, kowane fom yana da dz guda p da dz mai sanda a ka guda q, in kika yi irin wancan wasan da rabin d ɗin da ya shafi mai sandan sai ki sami kohomoloji na Dolbeault, 1953, girmansa shi ne h(p,q). Har nan ba a buƙatar komai sai kasancewarsa rufaffe don lambobin su zama masu iyaka. Amma cewa b_k jimillar h(p,q) ne masu p + q = k, da cewa h(p,q) = h(q,p), wannan kuma sai da sharaɗi. Koma farkon babin da kika ɗauko maganar, layin farko za ki ga an ce manifol ɗin na Kähler ne, wato mai ɗauke da fom ɗin auna girma wanda d nasa sifili ne. Kalma ɗaya ce, ido yana tsallake ta, amma ita ke riƙe da ginin.

Ɗan Rigasa: Dakta ranka ya daɗe, amma ai duk abin da muke yi a aljebraik jiyometiri na Kähler ne. Duk abin da ya zauna cikin P^n, wato filin furojektif na kompleks mai daimenshon n, yana gadon metirik ɗin Fubini da Study. To ina matsalar?

Dakta: Gaskiyarka, duk wanda ya zauna cikin P^n na Kähler ne. Amma duba taken seminarta, ba ta ce masu zama cikin P^n ba, cewa ta yi rufaffun manifol na kompleks, kuma wannan gida ne da ya fi wancan faɗi. Ga misalin da Hopf ya bayar a 1948, kowa ya ɗauki biro. Ɗauki C², cire ɗigon sifili, sannan ka ce z da 2z abu ɗaya ne. Ninkawa da 2 holomofik ne kuma ba ya barin kowane ɗigo a inda yake, don haka abin da ya fito manifol ne na kompleks lafiyayye mai daimenshon 2. Rufaffe ne kuma, saboda ko wane ɗigo ka ɗauka za ka iya ta ninka shi ko raba shi da 2 har nisansa daga tsakiya ya faɗo tsakanin 1 da 2. Kamar sala ɗaya na albasa mai kauri ne aka manne cikinsa da bayansa, salan S³ ne, wato fatar ƙwallo a cikin C², mannewar ta ba da S¹, wato zobe. Lambobin Betti na S¹ × S³ su ne 1, 1, 0, 1, 1. To b1 nawa ne?

Autar Malali: Innalillahi. 1. Mara ce.

Dakta: Mara ce. A nan h(0,1) = 1 amma h(1,0) = 0, dayamon ɗin ya karkace gefe ɗaya. Kuma akwai wata hanyar da za ki gane ba na Kähler ba ne ko ba ki kalli b1 ba. Fom ɗin Kähler, ω, d nasa sifili ne, kuma in kika ninka shi da kansa kika tara a kan manifol ɗin duka girmansa zai ba ki, wanda ba sifili ba ne, saboda haka ajin ω a cikin H² ba zai yiwu ya zama sifili ba, b2 dole ya kai 1. Na Hopf b2 = 0 ne, babu ma ɗakin da ω zai kwana.

Autar Malali: To Dakta in babu Kähler komai ya rushe kenan? Ba abin da ya rage na daidaiton dayamon ɗin?

Dakta: A'a bai rushe duka ba. Daidaiton Serre yana nan, 1955, h(p,q) = h(n−p, n−q), n shi ne daimenshon, wato in kika juya takardar kai ya koma ƙasa dayamon ɗin bai sauya ba, wannan ba ruwansa da Kähler. Gwada da Hopf, h(0,1) = 1 sai ki tarar h(2,1) = 1, shi ne ya ba da b3. Wanda ya tafi shi ne na madubi, hagu da dama. Sannan Frölicher ya nuna, shi ma a 1955, cewa b_k ba ya wuce jimillar h(p,q), zai iya yin daidai zai iya gazawa.

Ɗan Rigasa: To na gane, na janye. Kenan doka ita ce in b1 cika ce na Kähler ne, in mara ce ba shi ba ne. Auta ki rubuta haka kawai.

Dakta: Dakata ɗan uwa kar ka fid da ita daga rami ka jefa ta rijiya. A daimenshon 2 maganarka gaskiya ce, Kodaira ne ya yi hasashen, aka kammala ta da aikin Siu a kan shimfiɗun da ake kira K3 a 1983, daga baya Buchdahl da Lamari kowa ya kawo hujja kai tsaye a 1999. Amma daga daimenshon 3 ba haka ba ne. Ɗauki matiris 3 sau 3 masu 1 a kan dayagonal, sifili a ƙasa, x, y, z na kompleks a sama, ka raba da irinsu waɗanda x, y, z nasu a + bi ne da a da b cikakkun lambobi. Shi ne manifol ɗin Iwasawa. Yana da fom holomofik guda uku, dx, dy, da dz − x dy. Yi wa na ukun d ka gani, −dx∧dy zai ba ka, ba sifili ba, alhali a rufaffen na Kähler duk fom holomofik d nasa sifili ne. A nan h(1,0) = 3, h(0,1) = 2, jimilla 5, amma b1 = 4. Cika ce tsaf, kuma ba Kähler ba. Har ma Nakamura ya nuna a 1975 cewa in ka ɗan motsa tsarin kompleks ɗinsa kaɗan lambobin Hodge suna sauyawa, abin da ba ya faruwa ga na Kähler.

Ɗan Rigasa: Allah ya ƙara sani. Zan zauna in yi d ɗin da hannuna.

Anti Barnawa: Sannunku da hira, ni ta ɓangaren fiziks na san abin nan amma maganarki ta biyu ƙanwata tun a daimenshon 1 ta faɗi. Ɗauki C ki raba da raga ta ɗigogi m + nτ, gammo za ki samu ko wane τ kika zaɓa, dayamon ɗinsa 1 a sama, 1 da 1 a tsakiya, 1 a ƙasa. Amma mai τ = i, raga mai murabba'i, lambar j tasa, wadda ake gane gammo da ita, 1728 ce, mai raga irin ta saƙar zuma kuma j = 0, kuma babu wata taswira holomofik mai komawa da za ta mai da wannan wancan. Kowace lambar kompleks j ce ta wani gammo dabam. Ga masu huji g daga 2 zuwa sama tun 1857 Riemann ya ƙirga cewa akwai maɓallai 3g − 3 da za ki murɗa, duk dayamon ɗaya.

Injiniya Kakuri: Ni tsoho ne a cikinku kuma lissafina na injin ne, amma tun ɗazu nake bi, sai na tuna kakata. Bagobira ce, da tsagarta a kunci. Duk wanda ya gan ta a kasuwa ya san daga inda ta fito tun kafin ta buɗe baki, amma tsagar ba ta gaya masa ko 'yar wane ce ba, don ita da 'yan uwanta da maƙwabtansu duk iri ɗaya aka yi musu. In na fahimce ku, lambobin nan tsagar gado ce, ita kuma 'yata ta ɗauke su katin shaida.

Dakta: Baba Injiniya wallahi ka faɗe ta fiye da yadda zan faɗa. In tsagar ta bambanta an gama magana, ba abu ɗaya ba ne, shi ya sa ake shan wahalar lissafin, amsar tambayar Ɗan Rigasa ta farko kenan. In ta zo ɗaya kuma bincike ya fara. Amma misalin Anti wani zai ce ai duk gammo ne ko ta yaya, surarsu ɗaya. To ga wanda ko surar ma ba ɗaya ba.

Ku kalli kalangu. Tsirkiyoyinsa miƙaƙƙu ne daga wannan baki zuwa wancan, in ka ɗan murɗa baki ɗaya sai ka ga tsakiyar ta tsuke ta yi ƙugu alhali kowace tsirkiya tana nan a miƙe. Murɗa ta ɗaya hannun ka sami wani jerin tsirkiyoyin a kan sura guda. Wannan ita ce shimfiɗa mai digiri 2 a P³, wato P¹ × P¹, jerin layuka biyu A da B. A ba ya haɗuwa da ɗan uwansa A, B ma haka, amma A da B suna giciye sau ɗaya. Saboda haka ko wane aji aA + bB ka ɗauka ka giciya shi da kansa 2ab za ka samu, cika kullum. Yanzu ɗauki P² ka hura ɗigo ɗaya, wato ka cire ɗigon ka dasa layin P¹ a gurbinsa wanda ke riƙe da duk fuskokin da ake shigowa ɗigon ta cikinsu. Kira layin E. Shi E da kansa −1 yake bayarwa, mara. Dukansu biyu dayamon ɗaya, 1 sama, 0 2 0 a tsakiya, 1 ƙasa, lambobin Chern ɗinsu c1² = 8, c2 = 4, komai ɗaya. Amma ɗaya yana da aji mai ba da mara ɗaya ba shi da shi, don haka ko ta tofoloji zalla ba abu ɗaya ba ne.

Autar Malali: To ashe in na ƙara teburin giciyen a kan dayamon ɗin shi kenan ya wadatar?

Dakta: Ko kusa. Hirzebruch yana da jerin shimfiɗu tun 1951, F0, F1, F2 haka. F0 shi ne kalangun, F1 shi ne P² da aka hura. F2 da F0 komai nasu ɗaya har teburin giciye, a matsayin manifol mai santsi ma abu ɗaya ne, amma F2 yana ɗauke da lanƙwasa holomofik da ke ba da −2 da kanta, F0 ba shi da ita.

Sannan akwai wanda ni ya fi burge ni. P² lambobinsa 1, 0, 1, 0, 1, mafi sauƙin da za a samu. Mumford ya gina wata shimfiɗa a 1979 mai waɗannan lambobin daidai, c1² = 9, c2 = 3, amma ba P² ba ce, asalinta ƙwallon da ke cikin C² ne aka raba da wani gurup marar iyaka. Ana ce musu jabun P². Prasad da Yeung suka tsara su a 2007, Cartwright da Steger suka ƙarasa ƙirgar da kwamfuta, 50 ne, in an ƙirga kowanne da tagwayensa na konjuget 100. Abin da ke tona su shi ne ki ƙirga sashe holomofik na K (bandul ɗin fom holomofik masu daraja mafi girma) ninki biyu, a P² babu ko ɗaya, a jabun guda 10 ne. Suna zaune daidai kan iyakar c1² ≤ 3c2 da Miyaoka da Yau suka tabbatar a 1977, 9 = 3 × 3.

Injiniya Kakuri: Na ji daɗin bayanin, amma ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina don ba zan ɓoye ba. Nan unguwarmu masaƙu sun rufe shekara da shekaru, yaran da iyayensu suka yi aiki a ciki suna yawo ba sana'a. Yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan ta ƙare ƙuruciyarta tana ƙirga hujin abin da ido ba zai taɓa gani ba. Ba raini ba ne wallahi, tsoro nake ji mata, me za ta ci da shi, me Kaduna za ta samu?

Anti Barnawa: Baba tambayarka a kan hanya take kuma ba zan ce maka gobe za ta buɗe masaƙa da shi ba. Amma saƙon nan da ka turo yanzu, WhatsApp da lanƙwasar eliptik yake kulle shi, Curve25519 ake kiranta, 'yar uwar gammon da na yi magana ce, mai huji ɗaya, sai dai a kan lambobi masu iyaka. Abin da ya sa ake iya tara ɗigo biyu a kanta a sami na uku daga tiyorem ɗin Riemann da Roch yake fitowa, Riemann 1857, ɗalibinsa Roch ya ƙarasa a 1865 ya rasu shekara guda bayan nan yana da 26. Sai 1985 Koblitz da Miller suka kawo shawarar a yi kulle da ita. Shekara 120 tsakani.

Mu kuma a fiziks abin ya zo mana ta wata ƙofa. Manifol mai digiri 5 a P⁴, daimenshon 3, h(1,1) = 1, h(2,1) = 101, lambar Euler −200. Masu nazarin tsirkiya (string theory) suka lura akwai wani mai h(1,1) = 101 da h(2,1) = 1, dayamon ɗin an kwantar da shi ta gefe, kuma fiziks ɗin da suke bayarwa ɗaya ne. Da wannan Candelas, de la Ossa, Green da Parkes suka ƙirga lanƙwasoshin da ke cikinsa a 1991. Layuka 2875 an san su tun da, masu digiri 2 guda 609250 Katz ya samo a 1986, su kuma suka ce masu digiri 3 guda 317206375 ne. Wasu masana lissafi biyu 'yan Norway, Ellingsrud da Strømme, suka sami wata lamba dabam, daga baya suka gano kuskure a furogiram ɗinsu, da suka gyara sai ta fito daidai da ta 'yan fiziks. Duk daga kallon lambobi biyu a dayamon aka fara.

Injiniya Kakuri: Na WhatsApp ɗin ya shige ni. Amma shekara 120 tana da tsawo ga mai jin yunwa 'yata. Ban sauka daga tsorona ba, sai dai ina mata addu'a, kuma in ta gama ta riƙa koyar da yaranmu, kar ta tafi waje ta manta da mu.

Baban Yusra: Baba ni shaida ne a kan koyarwar. Yarinyar da ta yi min tambayar nan har yau tana zuwa da abubuwa daga gida tana ƙirgawa, jiya da kofi mai hannu ta zo tana cewa malam wannan ma sifili ne ko, don hujinsa ɗaya kamar tiyub. Ba wanda ya gaya mata.

Autar Malali: Amin Baba, na gode, in sha Allah ina nan. An ɗauke mana wuta da fitilar waya nake rubutu, cajina 19, bari in yi sauri. Dakta to in lambobi ba su isa ba, akwai wani abu a kohomoloji da ya isa? Ko sai an bar shi gaba ɗaya?

Dakta: Wannan ita ce tambayar da ya kamata seminarki ta ƙare a kanta. Lambobin girman ɗakuna kawai suke gaya miki, ba sa gaya miki ta ina aka ja bangon. Koma gammon Anti. H¹ yana da raga ta cikakkun lambobi a cikinsa, ita ba ta motsi, amma layin H(1,0), wanda dz ya haifa, yana karkata gwargwadon tsarin kompleks. Tara dz a kan zagaye biyun nan, ta kauri da ta zagaye, za ki sami 1 da τ. Kin ga τ ɗin da dayamon ya ɓoye ya fito. Torelli ya nuna a 1913 cewa ga kowace lanƙwasa wannan karkatar, haɗe da fom ɗin giciye, ta isa ta gaya miki ko wacce ce. Ga K3 Piatetski-Shapiro da Shafarevich suka yi irinsa a 1971. Ba ko'ina yake aiki ba, a jabun P² misali babu abin da zai karkata tunda H² layi ɗaya ne tak, amma inda yake aiki shi ne katin shaidar da kike nema.

Tunda an ambaci K3, yi min wannan yanzu kafin cajin ya ƙare. x⁴ + y⁴ + z⁴ + w⁴ = 0 a P³. Ajin K nasa sifili ne, don haka c1² = 0 kuma h(2,0) = 1. Lefschetz ya ba ki b1 = 0. Ƙa'idar Max Noether, mahaifin Emmy, ta ce 1 − h(0,1) + h(0,2) = (c1² + c2)/12. Fito min da h(1,1).

Autar Malali: 1 − 0 + 1 = 2, kenan c2 = 24. c2 ita ce lambar Euler, 1 + b2 + 1 = 24, b2 = 22. A cire h(2,0) da h(0,2), saura 20.
1
0 0
1 20 1
0 0
1
Subhanallah, ashe 20 ɗin da nake haddacewa haka take fitowa cikin layi uku.

Ɗan Rigasa: Wai me ya sa ake ce masa K3 ne ma?

Anti Barnawa: André Weil ne ya raɗa masa a 1958, don girmama Kummer, Kähler da Kodaira, da kuma dutsen K2 na Kashmir.

Dakta: Madalla Auta. Ga na gida. Shimfiɗa mai santsi mai digiri d a P³ tana da c1² = d(d−4)² da c2 = d(d² − 4d + 6). Sa d = 2 ki ga 8 da 4 na kalangu sun fito. Ke yi d = 5, Ɗan Rigasa ya yi d = 3. Kuma a silaid ki gyara na farko ki sa kalmar Kähler da jan launi, ki biyo shi da Hopf, na biyun kuma ki mai da shi tambaya ki amsa da kalangu da F1.

Autar Malali: d = 5: c1² = 5, c2 = 55, jimilla 60, a raba da 12 ya ba da 5, kenan h(0,2) = 4. b2 = 53, a cire 8, h(1,1) = 45. Daidai ne? Cajina 6.

Dakta: Daidai ne. In wani a zauren ya so ya gwada ki, ga yadda za ki tabbatar a gabansa. A shimfiɗar Kähler masu alamar tarawa a teburin giciye 2h(2,0) + 1 ne, wato 9, masu alamar cirewa 53 − 9 = 44, bambancinsu −35. Ta ɗaya hanyar kuma (c1² − 2c2)/3 = (5 − 110)/3 = −35. Je ki kwanta, Allah ya ba da sa'a ranar Litinin.

Ɗan Rigasa: Nawa ya fito, d = 3: c1² = 3, c2 = 9, jimilla 12, h(0,2) = 0, b2 = 7, h(1,1) = 7. Kuma na lura P² yana da 9 da 3, wannan yana da 3 da 9, in kowace hurawa tana rage 1 a c1² ta ƙara 1 a c2 kamar yadda F1 ya koma 8 da 4, to P² ne aka hura sau 6. Dakta layuka 27 ɗin nan da Cayley da Salmon suka gano a 1849 daga ɗigo shidan suke fitowa? Na sami 6 na hurawar, da 15 na layukan da ke haɗa ɗigo bibbiyu, 21 kenan, saura 6 ban gan su ba.

Dakta: Ɗigo nawa ake buƙata a zana konik guda ɗaya?

Ɗan Rigasa: Biyar. Kai! A bar ɗigo ɗaya a waje kowane karo, hanya 6. 6 + 15 + 6 = 27.